Wane Littafi Ya Dace da Sabon Ɗalibin Kiwon Lafiya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari da ke dawowa gabana duk lokacin da makarantun kiwon lafiya suka ɗebi sababbin ɗalibai a nan Zariya, wato littafin da ɗalibi zai fara saya domin darasin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓinsa ke aiki, wanda ɗalibai suke kira anatomi da fiziyoloji. Na daɗe ina koyar da wannan darasi ga masu neman zama nas da ungozoma kafin in ajiye aiki, kuma har yau maƙwabta ba su fasa aiko mini da 'ya'yansu da wannan tambaya ba.

Kwanakin baya wani maƙwabcina ya yi sallama da ni bayan la'asar, ya ajiye wani ƙaton littafi a kan tabarma, ya ce, "Malam, ga abin da na sayo wa 'yarka, a sa mana albarka." Da na duba sai na ga Gray's Anatomy ne, babban bugun. Mai kantin ya gaya masa cewa shi ne littafin da manyan likitoci ke amfani da shi, kuma bai yi ƙarya ba. An fara buga shi a Ingila a 1858, bugunsa na zamanin nan ya haura shafi 1,500, kuma likitan fiɗa ko malamin jami'a yakan koma gare shi idan yana neman tabbacin wani ƙaramin reshen jijiya. Amma yarinyar da ta gama sakandare bara, wadda za ta zauna jarrabawar farko nan da 'yan watanni, ba za ta iya cin moriyarsa ba. Za ta buɗe shi sau biyu ko uku, Turancinsa ya yi mata nauyi, ta mayar da shi ƙasan akwati, ta koma ga 'yan takardun da ake kira handawut, ta haddace su ba tare da ta fahimci komai ba. Kuɗin uban sun tafi, ita kuma ta fara karatu da zaton cewa kanta ne ba ya ja.

Ra'ayina shi ne littafin farko ya zama wanda ɗalibi zai iya karantawa daga bango zuwa bango a cikin shekararsa ta farko, wanda kuma ya haɗa ƙirar gaɓa da aikinta a babi guda. Ɗalibin likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello yana da doguwar hanya a gabansa, yana shiga ɗakin fiɗar gawa kafin ya isa asibitin koyarwa na Shika, don haka akan raba masa darasin biyu, kowanne da nasa littafin, kamar na Guyton a fannin aikin gaɓoɓi, wanda ya fara fitowa a 1956. Ɗalibar jinya ko ta ungozoma, da mai koyon kiwon lafiyar al'umma ko aikin ɗakin gwaji, buƙatarsu daban ce, domin lokacinsu kaɗan ne kuma da wuri ake tura su bakin gadon majinyaci. Irin waɗannan ne aka rubuta wa littafin Ross and Wilson, wanda ya fito a 1963 ana kuma sabunta shi har yanzu. Bai kai rabin na Gray girma ba, kuma bayan ya bayyana yadda gaɓa ke aiki yakan nuna abin da ke faruwa idan ta kamu da cuta. Ban ambace shi don talla ba, akwai wasu irinsa. Abin da ya wajaba shi ne ɗalibi ya karɓi manhajar darasin daga malaminsa, wadda ga masu jinya take bin tsarin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, ya ɗora ta kusa da jerin babobin littafin, ya ga ko sun yi daidai kafin ya fitar da ko sisi.

Bayan haka sai gwaji, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Ni babin ƙoda nake sa ɗalibi ya buɗe yana tsaye a cikin kanti. Kowane littafi zai gaya maka cewa ƙoda biyu ce, kuma a cikin kowace akwai 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya. Littafin kirki zai ci gaba ya bayyana cewa waɗannan matatai suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini a kowace rana, alhali fitsarin da mutum ke fitarwa kimanin lita ɗaya da rabi ne kawai, domin jiki yana sake janye fiye da kashi 99 cikin 100 na abin da aka tace. Daga nan zai nuna cewa idan ruwan jiki ya ragu, wani sinadari da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yakan sa ƙoda ta ƙara riƙe ruwa. Ɗalibin da ya karanta wannan ya gane dalilin da ya sa fitsarinsa ke raguwa ya yi ja idan azumi ya faɗo a zafin Maris da Afrilu, ya kuma gane abin da ya sa ake tambayar uwar yaro mai gudawa yaushe rabon ɗanta da fitsari. Idan ya karanta shafi biyu na wannan babi ya kasa maimaita bayanin da bakinsa, da Hausa, ga wanda ya rako shi, to littafin ba nasa ba ne tukuna, komai sunan marubucinsa.

Zane ma abin dubawa ne, kuma a nan araha take cutar da mutane. A al'adar littattafan nan, jijiyar da ke ɗauke jini daga zuciya ja ake zana ta, wadda ke mayar da shi shuɗiya, mai kai saƙo kuwa rawaya. Bugun jabu da fotokofi suna mayar da su duka toka-toka, sai ɗalibi ya zura wa hoton hammata ko na matsematsi ido ya ga zare kawai sun sarƙe. Wannan ya fi yi wa Bahaushe illa, saboda a harshenmu kalmar jijiya ɗaya ce take ɗauke da waɗannan uku, har da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi da wadda ta haɗa ƙashi da ƙashi, abubuwa biyar da kowannensu yake da sunansa da aikinsa a littafi. Wanda bai rarrabe su tun a zangon farko ba zai daɗe yana tuntuɓe. Babbar jijiyar saƙo da ta fito daga ƙasan gadon baya ta ratsa ɗuwawu ta gangara bayan cinya ita ce dalilin da ya sa ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a na sama ta waje, ake kuma yi wa jarirai a gefen cinya. Wanda ya taɓa ganin yaro yana jan ƙafa sakamakon allurar da ta sami wannan jijiya ya san cewa hoto mai kyau ba ƙawa ba ne. Saboda haka na fi son ɗalibi ya sayi bugun asali da wani ya gama da shi, ko da bugu ɗaya ya wuce shi, a kan sabon bugun jabu. Ƙasusuwan baligi 206 ne a tsohon bugu da sabo, haƙarƙari ma 12 ne a kowane gefe; abin da ke sauyawa shi ne bayanin cututtuka da magani, wannan kuwa malami zai cike.

Ga wanda aljihunsa bai kai ba, akwai mafita ta halal. Jami'ar Rice da ke Amurka, ƙarƙashin shirinta na OpenStax, ta fitar da cikakken littafin wannan darasi mai babi 28 tun 2013, ta sabunta shi a 2022, kuma kyauta ake saukar da shi daga intanet da launukansa. Sai dai karatu a waya yana tare da nasa ƙalubalen, ga matsalar caji ga saƙonnin abokai, kuma littafin da aka rubuta don Amurkawa yana auna sukarin jini da ma'aunin miligiram, alhali takardar gwaji a asibitocinmu da dama da milimol take fitowa. Raba adadin farko da 18 shi ke ba da na biyu, wato 90 ya zama 5. Ƙaramin abu ne, amma na ga ɗalibai sun firgita da sakamakon mai lafiya saboda rashin saninsa.

Akwai kuma giɓin da kusan duk littattafan waje suke da shi. An rubuta su ne da farar fata a zuciya, shi ya sa suke cewa mai ƙarancin jini yakan yi fari, wanda iska ta gaza masa kuma yakan yi shuɗi. A jikinmu sai an duba cikin fatar ido da harshe da dasashi da tafin hannu. Cutar sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu fama da ita, sau da yawa 'yan layuka ake ba ta, alhali ɗalibinmu yana buƙatar ya san cewa jan ƙwayar jini mai lafiya tana rayuwa kimanin kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20, kuma daga nan ƙarancin jini da rawayar ido suke tasowa.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko ga shugabannin makarantun kiwon lafiya na Zariya da kewaye, daga Tudun Wada zuwa Wusasa har Makarfi: su rubuta sunan littafi guda ɗaya da bugunsa a jikin takardar shiga makaranta, maimakon dogon jerin da ke barin uba a hannun mai kanti, su kuma ajiye kwafi da dama a laburare don aro. Na biyu ga malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, masana jikin ɗan Adam da masana Hausa: garin da ya haifi jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 bai kamata ya rasa ɗan ƙaramin littafin rakiya ba, wanda zai jera sunayen gaɓoɓi da Hausa kusa da na boko, ya tantace saifa da matsarmama da laka da mabiyiya, ya kuma samar wa kowace jijiya sunanta, tunda majinyacin da ɗalibin zai tarar da Hausa zai ce masa jijiya ce ke damunsa.

Shi kuwa maƙwabcina, mun koma kantin tare washegari, mai kantin ya yi dattaku ya karɓi littafin ya musanya mana da ƙarami, ragowar kuɗin kuma ta isa sayen farar riga da agogon ƙirga bugun jini.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin jinya,
Tudun Wada, Zariya.