Kwatano ta wuce kasuwar shinkafa da motoci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan Kwatano ta Jamhuriyar Benin, birnin da yawancin mutanenmu ba su san shi da komai ba sai shinkafa da tsofaffin motoci, alhali kayan 'yan kasuwa da yawa, daga Maraɗi har Kano, a bakin ruwansa suka saba sauka.

Birnin yana zaune ne a kan siririyar ƙasa mai yashi tsakanin Tekun Atlantika da tafkin Nokoué, kuma da yake wurin kwari ne, da zarar damina ta kankama unguwanni da dama kan cika da ruwa. Ko da yake Porto-Novo ce babban birni a tsarin mulki, fadar shugaban ƙasa da galibin ma'aikatu a Kwatano suke. Baƙo zai sami abin kallo: kasuwar Dantokpa, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, da 'yan acaɓa masu rawayar riga, da garin Ganvié da aka gina a kan tafki, inda ake cin kasuwa cikin kwalekwale. A unguwar Zongo kuwa, Bahaushe ba ya neman tafinta.

Abin da ya fi damuna shi ne tashar jiragen ruwan, wadda aka buɗe a 1965. Ta nan Benin take fitar da audugarta, kuma ita ce ƙofar teku mafi kusa da Nijar, domin a da manyan motoci kan bi ta Parakou su kai Malanville, su haye gadar kogin Kwara su shiga Gaya. Da aka rufe gadar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai kaya suka koma sauka a Lome, suna ratsa Burkina Faso ta hanya mai nisa da haɗari. Direbobi sun sha wahala, 'yan dako sun rasa aiki, kuma ƙarin kuɗin jigilar a kan mai sayen mudu ya ƙare. Mun taɓa ganin irin wannan a lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019.

Saboda haka ina roƙonku ku aika wakili zuwa Kwatano da Gaya, ya zauna da direbobi da masu fiton kaya, ya kawo mana halin da suke ciki daga bakinsu.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Maraɗi