Babana, maganar wannan aikin naka na hanya

Assalamu alaikum Babana. Ya sanyi, ya gajiyar hanya? Mu nan lafiya lau alhamdulillah, Ummanka na gaishe ka, ƙafar tata ma da sauƙi sosai.

Na ce bari in rubuto maka kawai, don in na kira ka na ji muryarka sai maganar ta kuɓuce min in koma tambayarka ka ci abinci ko ba ka ci ba, har mu yi sallama ban faɗi abin da ke raina ba. Saƙonnin muryar da ka turo ta WhatsApp duk na saurare su, wasu ma sau biyu, bidiyon ma na kalla ni kaɗai a ɗaki bayan isha'i. Na gode da ba ka ɓoye min ba. Da ka ce min kana aikin talla ne a wani kamfani ka yi shiru da ba wanda zai sani, daga Kano waye zai je Sikotilan ya leƙa but ɗin motarka? Amma ka fito ka faɗa min wiski ne kake yawo da shi gari gari kana tallatawa, to ni ma gaskiya zan faɗa maka yadda ka faɗa min.

Ka ce sunan aikin jakadan kamfani. Mu a zamaninmu selsman ake ce mana, kuma wallahi da nake jin bayaninka kamar tarihina ake karanta min. Shekara goma sha huɗu na yi ina jan motar kamfani cike da sabulu da man shafawa, in tashi Kano da asuba in bi Wudil, Potiskum, Damaturu har Maiduguri, wani makon kuma Gusau da Sakkwato, kai kana goye lokacin ba ka san ma ina tafiya ba. Don haka da ka ce ka tashi Gilasgo tun duhu ka yi tuƙin awa biyu da rabi zuwa Kennacraig don ka samu jirgin fito, ka yi awa biyu a kan ruwa kafin ka sauka tsibirin nan Islay da ka ce Aila ake kiransa, aka soke jirgin dawowa saboda iska ka kwana biyu a ɗakin haya da kuɗin aljihunka kana jiran kamfani ya biya ka daga baya, na san wannan zaman. Na san yadda mutum ke zama a bakin gado a garin da ba wanda ya san sunan ubansa, rasit a warwatse a gabansa yana lissafin kwali nawa ya fita nawa ya rage.

Kuma na gane me ya ja hankalinka, kar ka ɗauka ban gane ba. Bidiyon nan na cikin sito, ƙasa ba siminti, bango ya yi baƙi, gangunan katako an jera su hawa uku cikin duhu, wani dattijo ya zare toshiyar ganga ya zura wani dogon bututun jan ƙarfe ya ɗebo, ya ɗaga kofin wajen hasken ƙofa yana kallon launinsa kamar mai duba zuma. Na ga yadda yake taɓa gangar da tafin hannu. Mutum ne da ya san sana'arsa, irin su na gani a Ƙofar Mata a bakin karofi, da wajen dukawa. Kai kuma tun kana yaro kana son mutanen da suka iya abu da hannunsu. Ka yi min bayanin yadda ake jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar da shi da hayaƙin wannan baƙar ƙasar fadamar da suke yankowa su shanya, a dafa a tukwanen jan ƙarfe, sannan doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako a cikin ƙasar kafin a kira shi da sunan, kuma ƙarfinsa kar ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Ka ce duk shekara wajen kashi 2 cikin ɗari na tsirarewa ta jikin katakon ya bi iska, wai shi suke kira rabon mala'iku. Subhanallah. Wannan sunan fa ko da wasa kar ya ƙara fita daga bakinka, ko a gaban kwastoma ne ka nemi wata hanyar faɗa.

Ta fuskar kasuwanci ma na fahimci matsin da kake ciki. Ƙaramin kamfani da ya zuba kuɗinsa a ganga ya zauna shekara uku ko takwas ko goma bai ga riba ba, ganga guda ta lita 200 kwalba ɗari biyu da wani abu za ta bayar shi ke nan, ga manya irin su Diageo masu Johnnie Walker sun cika kantuna da filayen jirgi, to nauyin duk a wuyan wa zai sauka in ba kai ɗan hanya ba. Kai ne za ka shiga kanti ka tsaya kana murmushi mai kanti yana danna waya bai ko ɗago ba, kai ne za ka tsaya a rumfa kwana uku a bikin wiski na yankin Speyside ko na Aila na ƙarshen watan Mayu kana maimaita labari guda sau ɗari har muryarka ta dishe, a ƙarshen wata manaja ya buɗe kwamfuta ya ce bai ga lamba ba. Ni ma an yi min haka.

To Babana ga inda maganar take. Kai ka yi Islamiyya, ka san ayar Ma'ida, ka san hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, kuma ka san ba mashayi kaɗai aka ambata ba, akwai mai matsa ta da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa da mai zuba wa mutane da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Ka ce min kai ba ka sha, hanci kawai kake sawa, in ta kama dole ka taɓa da harshe ka tofar. Na yarda da kai, ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Amma ɗauka fa, da zubawa, da sayarwa? Duk daren da ka jera ƙananan kofunan nan shida shida a gaban mutum talatin ka bi su kana tsiyayawa kana gaya musu su ji ƙanshin hayaƙi da na zuma, hannun waye ke zubawa? Na kwana uku ina neman wata kafa da zan fitar da kai daga cikin goman nan, wallahi ban samu ba.

Shi ya sa kuɗin da ka turo na gyaran rufin ɗaki na ce ƙanwarka ta mayar maka. Kar ka ji ciwo, na san da zuciya ɗaya ka turo, kuma Ummanka ta yi kuka ranar don ta san gumin da ka yi. Rufin zai jira.

Maganar taɓawa da harshe kuwa, bari in ba ka labarin wani abokin aikina, ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa na nan. Tare muka fara, mutum ne mai salla a kan lokaci, shi yake tashe ni da asuba a masauki. Hanyarsa ta koma wajen da manyan dilolinsa masu sha ne, ciniki ba ya faɗawa sai an zauna da su da daddare, shi yana riƙe da lemo su suna nasu. Shekara biyu yana riƙe da lemon nan. Ranar da na gane abin ya canza mun haɗu ne a wani masauki, ya rungume ni na ji warin a jikinsa, ya kawar da kai ni ma na kawar, har muka rabu ba wanda ya ce uffan, kuma wannan shirun da na yi har yau yana damuna. Ba rana ɗaya ya faɗa ba, kaɗaici ne da gajiya da kunyar a ce kai kaɗai ne daban a teburi. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kai kuwa ba zama kake da su kawai ba, kanwar a bayan motarka take, kwalabe buɗaɗɗu na samfur, kai kaɗai a ɗakin otal, a ƙasar da rana ke faɗuwa tun wajen uku da rabi na yamma a watan Disamba. Ina tsoron wannan daren Babana, daren da ciniki bai yi ba, waya ba ta shiga, sanyi ya ishe ka.

Sai hanyar ita kanta. Wannan A9 ɗin da kake bi daga Perth zuwa Inverness, wadda wani wuri take hannu biyu wani wuri ta koma ɗaya, ka ce min har barewa na faɗowa titi da daddare, ga ƙanƙara, ita ma waccan ta yamma da ke kai ka bakin jirgi dutse na zaftarowa a rufe ta. Don Allah in an tashi taro ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka kwana a garin, kar ka ce za ka tsimi kuɗin ɗaki. Ni na taɓa yin wannan tsimin, na baro Damaturu bayan magariba ina ganin zan iya, bayan Potiskum da kaɗan ban san lokacin da idona ya rufe ba, farkawa na yi na ji karan gero na dukan gilashi, mota ta yi nisa cikin gonar mutane, kwalayen sabulu sun zubo min a ƙeya, hannuna na rawa na kasa ko kashe injin. Wani manomi ne ya zo da fitila ya zaunar da ni ya ba ni ruwa. Allah ne ya sa babu bishiya a wurin. Ummanka ba ta san wannan labarin ba sai bayan shekara biyar.

Kuma ka tuna dokarsu. Tun Disamba 2014 Sikotilan ta rage ma'aunin giya a jinin direba zuwa miligiram 50 a kowace mililita 100 ta jini, a Ingila 80 ne, kuma wanda aka kama aƙalla shekara guda ba tuƙi. Kai da ka ce kana tofarwa, kofi shida na abin da wani ƙarfinsa ya haura kashi 55, nawa ke wucewa maƙogwaro ba ka sani ba? Baƙon da ke zaune da biza aka rubuta masa irin wannan laifin, ai ka san ba lasin kaɗai zai rasa ba.

Bashi kuma, kar ka ajiye wa kowa kaya da bakinka ba takarda, ko ya kai shekara yana saye a hannunka. Mai kanti zai ce ajiye kwali biyu in sun fita na biya, ka dawo wata uku ka tarar an sa kwaɗo an liƙa takardar haya, kamfani kuma a kwamishonka zai cire. Ka riƙe duk rasit na mai da na ɗaki da na jirgi, ka ɗauki hotonsu a waya tun a ranar. Wannan ko me kake sayarwa haka ne.

Na san me ya kai ka. Bizar nan ta shekara 2 bayan gama karatu tana tafiya, ka aika takarda wurare da yawa shiru, waɗannan suka ɗauke ka suka ba ka mota suka mutunta ka, har ka ce matar mai kamfanin tana ajiye maka abinci mara naman alade. Ban raina alherinsu ba, Allah ya saka musu da shiriya. Kuma ba zan yi maka baki ba, har abada, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da nake roƙonka shi ne ka fita, kuma ka fita da mutunci, ka ba su notis yadda yarjejeniyarku ta ce, ka miƙa lissafi cif cif da kwalba ta ƙarshe, ka gaya musu dalilinka ba tare da zagin sana'arsu ba. Ina so a ce kafin azumi ya kama ka ajiye makullin motar nan.

Abin da ka koya kuma yana nan tare da kai. Yanzu ka iya shiga wurin baƙo ka sa ya saurare ka, ka iya tsayawa gaban taro ka ba da labarin kaya har a ji ana so, ka san kantuna da otal otal daga Gilasgo har arewacin ƙasar, hancinka ya iya rarrabe ƙanshi. Masu gasa kofi ƙanana, masu shayi, masu zuma, masu kifin da ake busarwa da hayaƙi, masu turare, duk irin mutumin da suke nema ke nan, kuma su ma a hanya ake sayar da nasu. Ka je babban masallacin Gilasgo ranar Juma'a ka zauna bayan salla ka gaisa da mutane, 'yan kasuwa ne da yawansu, ka tuntuɓi 'yan uwanmu da ke Aberdeen su ma. Aiki a bakin mutane yake.

In tsoronka kuɗin haya ne na watannin da za ka zauna ba albashi, filin nan nawa na bayan gari na riga na yi magana da kawunka, akwai mai so, ko an canza kuɗin zuwa fam ba zai yi yawa ba amma zai riƙe ka wata uku ko huɗu. Dama don ku na saye shi. In kuma bizar ta ƙare ba a dace ba ka dawo gida, ɗakinka na nan, ba wanda zai ce maka ka gaza a gabana.

Kafin nan, darduma ta zauna a motar, a kujerar gaba ba a but tare da kwalaye ba, kuma in lokaci ya yi ka faka ka yi sallarka ko a gefen titi ne. Ka kira Ummanka, ita ba ta san duk bayanin ba, na ce mata dai aikin bai kwanta min ba, sauran kai za ka faɗa mata da bakinka. Ni kuma ina jiran kiranka ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci, ka gaya min wace rana za ka ba su notis don in san abin da zan ce wa mai sayen filin.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai a hanya.

Mahaifinka