Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Kwamfuta da Daidaita Imel na Ofis

Mai girma shugaba, 'yan majalisar zartarwa da sauran mambobi, muna miƙa gaisuwa.

Aikin da kuka ɗora wa wannan kwamiti na mutum biyar ya kammala, kuma makullin ɗakin yana hannun sakatare. Abin da aka rubuta mana a takardar aiki shi ne mu gyara ɗakin kwamfuta da ruwa ya ɓata, mu sake wayarin, sannan mu tabbatar kowane jami'i yana iya karɓar imel da aikawa daga kwamfutar da ke kan teburinsa. Da farko mun ɗauka ginin ne zai ci lokaci, imel kuwa aikin yini guda ne. Sai ga shi birkila da kafinta sun gama sun tafi, mu muna nan muna fama da akwatunan saƙo.

Ɓangaren gini bai ba mu wahala ba. An cire kwano uku da tsatsa ta huda, an sauya silin ɗin da ya jiƙe ya lotsa, an kankare bangon da ya sha ruwa aka sake masa filasta da fenti. Tagogin biyu an sa musu gilashi, domin ƙurar da muka zazzage daga fankokin kwamfutocin ta isa ta sa kowace na'ura zafi. Mai wayarin ya sake layin ɗakin gaba ɗaya, ya ba kowane tebur soket nasa, ya kuma haɗa wayar da ke sauke wuta ƙasa, wadda tsohon aikin bai da ita sam. Mun ja kebul na Cat6 a cikin bututu daga na'urar intanet zuwa tebura shida. Irin wannan kebul yana aiki daidai har mita 100, mafi tsawo a namu bai kai mita 30 ba. Wasu sun so a dogara da Wi-Fi kawai, muka ƙi, tunda kwamfutar tebur ba ta zuwa ko'ina, kuma kebul yana rage abubuwan da za a yi zargi ranar da saƙo ya ƙi fita. An kuma sa na'urar UPS domin kada ɗaukewar wuta ta kashe kwamfuta tana tsakiyar rubuta fayil.

Abin da ya tayar mana da hankali mun gano shi ne ranar da muka kunna tsohuwar kwamfutar sakatare, wadda ita ce ke daidai ƙarƙashin yoyon. Duk wasiƙun ƙungiya na shekaru, da takardun yarjejeniya da amsoshin da aka ba mu, a cikinta kaɗai suke. Dalili kuwa shi ne an saita asusun ofis da tsarin POP3. Wannan tsari yana kwaso saƙo daga uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe mana imel, ya ajiye shi a kwamfutar mutum, kuma a yadda aka saita namu yana goge na can da zarar ya sauko. Da ruwan ya sami faifan ajiyar wannan kwamfuta, da babu inda za mu nemo ko wasiƙa guda. Ba mu taɓa komai ba a ranar sai da muka kwafi fayil ɗin PST, inda manhajar imel ta Outlook ke tara saƙonnin, zuwa faifai biyu daban.

A nan ne kuma kwamiti ya yi kuskurensa, kuma ya kamata ku sani. Ɗaya daga cikinmu ya so ya gwada sabon kebul, sai ya buɗe asusun ofis a wata kwamfutar ya kwafi tsohon saitin yadda yake, har da umarnin gogewa. Saƙonnin da suka taru tun da aka rufe ɗakin suka sauka a can, suka ɓace daga uwar garke. Washegari sakatare ya duba bai ga komai ba, ya kira mu hankali a tashe. Sai da muka bi tebur-tebur kafin muka same su cif a kwamfutar gwajin. Ba a yi asarar ko ɗaya ba, amma laifinmu ne, domin bai kamata a buɗe asusun ba kafin mu zauna mu yanke tsarin da za a bi.

Tsarin da muka yanke shi ne IMAP ga kowa. Shi yana barin saƙon a uwar garke, kwamfuta kuwa tana nuna abin da ke can ne. Idan sakatare ya karanta wasiƙa a ofis ya jefa ta cikin wani kundi, haka zai same ta a wayarsa. Amma a kula, wanda ya goge saƙo a wuri ɗaya ya goge shi a ko'ina, shi ya sa IMAP ba ya zama madadin kwafin ajiya. Saitin da muka bi iri ɗaya ne a duk teburan: saƙo mai shigowa ta IMAP a lambar ƙofa 993 tare da kariyar SSL/TLS, mai fita ta SMTP, wato tsarin aika saƙo, a lamba 587 tare da kariyar STARTTLS. Lamba 465 ita ma tana aiki ga mai fita. Lamba 25 da muka tarar a tsohon saitin mun cire ta, domin masu ba da intanet da yawa suna toshe ta don daƙile masu watsa saƙonnin banza, kuma ita ce ta sa mataimakin sakatare ya daɗe yana karɓa ba ya iya aikawa. Sunan shiga kuma cikakken adireshi ne, ba rabin da ke zuwa kafin alamar @ kaɗai ba.

Mayar da tsofaffin wasiƙu sama ya ci dare da yawa. Kundi-kundi muka riƙa ɗorawa, kuma bayan kowane ɗaya sai mun gwama adadin saƙonnin da ke kwamfuta da na uwar garke kafin mu wuce gaba. Aiki ne mai gajiyarwa, amma sau biyu muka ga adadin bai yi daidai ba saboda intanet ta yanke a tsakiya, muka sake.

Jami'ar yaɗa labarai tana amfani da adireshin Gmail, kuma ta yi watanni tana zaton an sace mata asusu, domin tsohuwar manhajar da ke kwamfutarta kullum tana cewa kalmar sirri ba daidai ba ce, alhali da ita take shiga a waya. Kalmar lafiyarta lau. Tun watan Mayu na 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun mutane da suna da kalmar sirri kawai, Microsoft ma ya yi haka ga adireshin Outlook.com a watan Satumba na 2024. Hanyar yanzu ita ce OAuth2, inda manhajar ke buɗe shafin kamfanin, mutum ya shiga a can, a ba manhajar izini ba tare da ta riƙe kalmar ba. Muka sa mata manhajar imel ta Thunderbird, wadda kyauta ce kuma ta san wannan hanya, cikin mintuna saƙonninta suka fara zubowa. Na'urar ɗaukar hoton takardu da ke aika imel da kanta ba ta san OAuth2 ba, sai muka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, a asusun da take amfani da shi, muka samar mata kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16.

Kwamfutar ma'aji ce ta fi ɗaure mana kai. Saitin daidai yake harafi da harafi da na teburin da ke kusa, kebul lafiya, amma da an buɗe manhajar sai gargaɗi ya fito cewa takardar shaidar tsaro ta uwar garke ba ta da inganci. Muka goge asusun muka sake, muka kashe manhajar riga-kafi muka kunna, duk a banza. Can sai ƙaramin cikinmu ya kai yatsa kusurwar allo ta ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi shekarar da kwamfutar nan take ciki." Agogonta ya koma baya da shekaru. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke zaton tana shekarun baya kuwa gani take ranar farawar ba ta zo ba tukuna. Muka buɗe murfin, ga ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an cire wuta. Makonnin da kwamfutar ta yi a ajiye lokacin gini sun ƙarasa shi. Aka sa sabo, aka daidaita kwanan wata, gargaɗin ya tafi. Nan take muka sauya na sauran biyar ɗin. Muna roƙon kada kowa ya saba danna "ci gaba" idan ya ga irin wannan gargaɗi, domin wani lokacin gaskiya yake faɗa, wani ne ya shiga tsakaninka da uwar garke.

A teburin shugaba kuwa saƙonni goma sha ɗaya muka tarar jere a akwatin fita, na farkonsu ɗauke da bidiyon taro. Manhajar tana ta ƙoƙarin tura shi tana kasawa, sauran suna jira a bayansa. Gmail ba ya aika abin da aka maƙala idan ya wuce megabait 25, sauran kamfanoni ma suna da iyakarsu, kuma fayil yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka shirya shi don tafiya ta imel. Muka katse manhajar daga intanet, muka cire bidiyon, sauran goman suka fita. Daga yanzu babban fayil a ɗora shi a ma'ajiyar intanet a aika mahaɗinsa.

Akwai kuma ƙorafin da mambobi suka daɗe suna yi cewa sanarwar taro tana faɗawa akwatin tarkace. Wannan ba daga kwamfutocin ba ne. Sunan adireshin ƙungiya, wato ɓangaren da ke biye da alamar @, bai da bayanan da ke shaida wa duniya waɗanne na'urori ne aka yarda su aika saƙo da sunanmu. SPF shi ne jerin waɗanda aka yarda da su, DKIM sa hannu ne da ake bugawa a kan kowane saƙo, DMARC kuma yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya kasa waɗannan biyun. Tun watan Fabrairu na 2024 Google da Yahoo suka tsaurara a kan wannan. Mun shigar da duka ukun, muka aika gwaji zuwa adireshi iri-iri, duk suka sauka inda ya dace. Mun kuma saita rubutu a kan UTF-8, tsarin da ya san haruffan Hausa, saboda a da haruffan ƙ da ɗ da ɓ sukan isa wa wasu a matsayin alamar tambaya.

Mun manna takarda ɗaya a bango kusa da ƙofa domin ranar da abu ya lalace kuma babu ɗan kwamiti a kusa. Abu na farko da ta ce shi ne a buɗe imel ɗin ta burauza. In ya buɗe a can, matsalar tana cikin manhaja ko saitinta. In bai buɗe ba, a duba intanet da kalmar sirri, a kuma tabbatar maɓallin manyan haruffa ba a kunne yake ba. Sai a dubi agogo. Sai a karanta saƙon kuskuren har ƙarshe kafin a rufe shi, a rubuta lambarsa. 535 na nufin an ƙi sunan shiga ko kalmar sirri, 550 yawanci adireshin da aka aika wa babu shi ko an ƙi karɓa, 552 akwati ya cika ko saƙon ya yi girma. Lambar da ta fara da 4 matsala ce ta ɗan lokaci, a bari a sake gwadawa. Mun ga jami'ai suna rufe irin wannan saƙo da sauri kamar abin kunya, alhali amsar tana ciki.

Sauyi ɗaya muka yi wanda ba ya cikin takardar aikinmu, muna neman ku amince da shi. Adireshin yanzu na kujera ne, wato na sakatare, na ma'aji, na shugaba, ba na sunan mai riƙe da kujerar ba. Abin da ya kai mu ga haka shi ne lambar wayar da ake dawo da asusun ofis da ita ta wani tsohon jami'i ce da ya bar aiki tuntuni. Ya ba mu haɗin kai da muka neme shi, muna gode masa, amma da lambar ta fita daga hannunsa da asusun ya kuɓuce mana. Mun sauya ta da layin ofis, mun buga lambobin gaggawa na kowane asusu, waɗanda ake shiga da su idan wayar ba ta hannu, mun rufe a ambulan.

Abubuwa uku suka rage a gabanku. Kwamfutoci biyu daga cikin shida suna kan Windows 10, wanda tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Imel yana aiki a kansu, amma shawararmu kada ma'aji ya ci gaba da zama a kan ɗaya daga cikinsu. Kwafin ajiya na saƙonni mun tsara a riƙa ɗaukarsa duk mako zuwa faifan da ba ya kwana a ɗakin, mun gwada dawo da kundi ɗaya daga cikinsa ya dawo daidai, sai dai har yanzu ba a naɗa wanda zai riƙa yi ba. Ambulan ɗin lambobin gaggawa kuma yana hannun shugaban kwamiti, wanda aikinsa ya ƙare da wannan rahoto, saboda haka muna roƙon majalisa ta faɗi wanda za a damƙa wa a zamanta na gaba.