A jawo 'yan mata da 'ya'yan karkara zuwa karatun labarin ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da jami'o'inmu na Jihar Katsina, musamman ta Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma.

A nan Daura, in ka tambayi ɗalibar aji shida me za ta cike a fom ɗin JAMB, likitanci ko aikin jinya za ka ji. Labarin ƙasa da ilimin duwatsu ba a ko kawo su. Iyaye gani suke yawon daji ne, bai dace da 'ya mace ba, yaron ƙauye kuwa bai taɓa ganin mai cin abinci da su ba.

Alhali 'yan matan da yaran ƙauyen ne ke dakon ruwa idan rijiyar burtsatse ta ƙafe. Kafin a haƙa ta, masanin duwatsu ne ke kafa ƙarafa a ƙasa, ya tura lantarki, ya gano zurfin da ruwa yake. Ambaliyar Jibiya ta 2018, rairayin hamada da ke cin gonakin Baure da Zango, farar ƙasar Ƙanƙara, duk nazarinsu aikin masu wannan karatu ne. Yanzu ma galibin aikin taswira a kwamfuta ake yin sa, da hotunan tauraron ɗan'adam.

Malaman sassan nan su bar jiran ɗaliban da wasu kwasa-kwasai suka rage. Su shigo makarantun 'yan mata da na ƙauyuka tun daga aji huɗu, lokacin zaɓen darussa, da kamfas da samfurin duwatsu a hannu, su kuma zauna da iyaye. Ya kamata gwamnatin jiha ta ware wa ɗaliban tallafi, don kuɗin fita aikin fili kan gagari ɗan talaka.

Naka,
Wani malamin sakandare, Daura