A riƙa yi mana bayanin "kashi 60" ɗin nan na Iran

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah ina da ɗan ƙorafi kan yadda kuke kawo labaran nukiliya, kullum sai mu ga wai Iran ta tace yuraniyom zuwa kashi 60 amma ba wanda ya tsaya ya ce mana kashi 60 na mene ne, shi ya sa a majalisa za ka ji mutum ya dage wai tunda Nijar na da yuraniyom a Arlit ai ko gobe ta ga dama sai ta haɗa bam, kuma wallahi abin ba haka yake ba.

Yuraniyom ɗin da ake haƙowa iri biyu ne a cakuɗe, masana na ce musu aisotof, akwai 235 akwai 238. A tsakiyar ƙwayar zarra akwai wasu ƙananan ƙwayoyi iri biyu, furoton da niyutiron. Kowanne furoton 92 gare shi, shi ya sa sunansu ɗaya, kuma duk sinadarin da ka zuba musu yadda wannan zai yi haka wancan zai yi. Bambancin a niyutiron yake, ɗaya 143 ɗaya 146, uku rak. To a kan ukun nan ake ta kai ruwa rana, don 235 shi ne mai saurin tsagewa in niyutiron ya buge shi ya saki zafi mai yawa, shi kuwa 238 galibi sai ya haɗiye abinsa ya yi shiru. Ga shi 235 ɗin ko kashi 1 cikin 100 bai kai ba a dutsen, wajen 0.7 ne.

Tunda sinadari ba ya raba su dole sai ta nauyi, a mayar da shi iskar gas a tura cikin injina masu juyawa da mugun gudu, mai nauyin, wato 238, ya riƙa komawa gefe, kamar dai mace na fitar da tsakuwa daga shinkafa a faifai, sai dai nan injina dubbai ne a jere. Tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 na 235 ya ishe ta, bam kuwa sai wajen 90, kashi 60 ɗin Iran ma na 235 ɗin ake nufi. Na Arlit garin yuraniyom ne rawaya ake lodawa a fitar, 235 ɗinsa na nan a 0.7 ɗinsa.

Mu ma fa abin ya shafe mu, ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke ABU Zariya da man yuraniyom mai kashi 90 ya fara aiki a 2004, sai a 2018 aka canza masa zuwa na kashi 13 aka mayar wa Chaina tsohon. Ku tura wakilinku can ya tambayo malaman ya rubuto mana da Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Samaru, Zariya