Sanarwa ga masu zuwa hawan dutse a Maroko

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah duk wanda ya sa sunansa a tafiyar Maroko ta watan Janairu ya karanta wannan a tsanake. Ranar da muka ware ta hawan dutse a Oukaimeden ce, can cikin tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ƙauyen kansa yana wajen mita 2,600 sama da teku, namu Shere da muke hawa a nan Jos bai kai mita 1,900 ba.

Maganar takalmi ce ta fi damuna wallahi. Da sassafe hanyar daskarewa take yi kamar gilashi, kambas ba zai riƙe ta ba, ni da idona na ga wani ya zame ya faɗi a kan gwiwa, sai da mutum biyu suka tallafe shi. Sai but mai kauri da ƙarfen nan mai haƙora da ake ɗaurawa a ƙasansa, da sanda. Kar a sa rigar auduga a ciki, tana shan gumi ta jiƙe sai sanyi ya shiga jiki, kuma ku zo da baƙin tabarau domin hasken rana a kan farar ƙanƙara yana ƙona ido sosai.

Ba wanda zai hau layin masu zamiya, da gudu suke saukowa. Ɗan jagora na gaba, mu muna binsa, wanda kansa ya fara ciwo ko jiri ya faɗa nan take a sauko da shi. Masu asma ko hawan jini ku yi min magana ta gefe kafin Juma'a.