Wasiƙa zuwa ga aminina kan idon Baba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga saƙonka, inda kake mamakin yadda likita ya ce an mayar da tantanin bayan idon wurinsa, amma har yanzu Baba yana gani dishi-dishi.

Wannan tantani, ratina, yana cikin sassan jiki da suka fi cin sukari da iskar oksijin. Ƙwayoyinsa masu karɓar haske ba su da jijiyoyin jini a tsakaninsu, abincinsu daga shimfiɗar da ke bayansu yake zuwa. Tun shekarun 1920 masanin kimiyya ɗan Jamus Otto Warburg ya lura cewa ratina tana zuƙar gulukos, wato sukari, da yawa tana fitar da laktet, wani sinadari da ke saura bayan an sarrafa sukarin, ko da akwai oksijin. To da ta yage, ruwa ya kutsa ƙarƙashinta ya ɗaga ta, sai ƙwayoyin su rabu da mai ciyar da su. Yunwa ta kama su, wasu su fara mutuwa cikin kwanaki kaɗan.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne kumburin da ke biyo baya. Ƙwayoyin da suka galabaita suna sakin sinadarai irin su IL-6 da MCP-1, waɗanda ke kiran ƙwayoyin garkuwar jiki. Su kan zo share gawarwaki, amma a garin haka su illata masu sauran rai. Wani lokaci har tabo ya tsiro a kan ratina, ya takure, ya sake fizgo ta. Wannan yana samun kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu ciwon, kuma shi ya fi lalata aikin tiyata.

Saboda haka ganin Baba zai iya ci gaba da gyaruwa har tsawon watanni, sai dai ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa. Don Allah a riƙa ɗiga masa maganin kumburin a kan lokaci, ya kwanta yadda aka umarce shi, kuma in an sa masa iskar gas a cikin idon lokacin tiyata don ta danne ratina a wurinta, kada ya hau jirgin sama sai likita ya yarda. Ku sa ido kan ɗaya idon ma. In ya ce yana ganin walƙiya, ko ɗige-ɗige baƙaƙe na yawo, ko wani duhu kamar labule na saukowa daga gefe, a ranar za ku kai shi asibiti, kada a kwana.

Ka gaishe min da Baba da Hajiya, ka kuma sanar da ni abin da likita ya ce in kun koma.

Naka har kullum,
Amininka